Ƙauracewa: Tafiyar da Ake Yi Ana Zaune

A watan Nuwamba na shekarar 1880, mutanen Ballinrobe, wani ƙaramin gari a yammacin ƙasar Ireland, sun sha kallo. Sojoji da 'yan sanda wajen 1,000, da bindigogi da dawakai da tantuna, suka rako mutum 50 zuwa gona. Aikin da ya kawo su tonon dankali ne, da kwashe sauran amfanin gona da ke neman lalacewa. Da aka gama aka buga lissafi, sai aka ga an kashe kimanin fam 10,000 a kan amfanin da bai wuce na fam 500 ba. Sunan mai gonar Charles Boycott. Dalilin da ya sa sai daga can arewacin ƙasar aka kawo masa gudummawa shi ne, duk faɗin yankin babu mutum ɗaya da ya yarda ya taɓa masa fartanya.

Boycott mutumin Ingila ne, tsohon soja, ana ce masa Kyaftin. Ban da gonar da yake nomawa a bakin tafkin Mask, shi ne wakilin wani basarake mai suna Lord Erne, wanda ya mallaki gonakin yankin amma ba a nan yake zaune ba. Aikin wakili shi ne karɓar kuɗin hayar gona, da korar wanda ya kasa biya. Mutanen wurin sun san shi da cin tara a kan abin da bai taka kara ya karya ba: dabbar manomi ta shiga masa fili, tara, lebura ya makara, tara. A wancan zamani yawancin ƙasar noma ta Ireland tana hannun wasu 'yan tsiraru, manoma kuwa 'yan haya ne a gonakin da kakanninsu suka share. Tsofaffi ba su manta da yunwar da ta faro a 1845 ba, wadda ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, ta kuma kora wasu kamar haka zuwa ƙetare. Da noma ya sake ƙi a 1879, tsoro ya dawo sabo. A shekarar ce Michael Davitt ya assasa ƙungiyar ƙwatar wa manoma haƙƙi, Charles Stewart Parnell ya zama shugabanta.

Ranar 19 ga Satumba 1880, a garin Ennis, Parnell ya tambayi taron jama'a abin da ya dace a yi wa mutumin da ya karɓi gonar da aka kori maƙwabcinsa daga cikinta. Wasu daga cikin taro suka ce a harbe shi. Parnell ya ce akwai abin da ya fi harbi: a guje shi a hanya, a guje shi a shago da kasuwa, a guje shi har a wurin ibada, a bar shi shi kaɗai da halinsa.

Bayan kwana uku aka sami wanda za a gwada abin a kansa, kuma ba manomi mai kwaɗayin gonar wani ba ne, wakilin ne da kansa. Lord Erne ya yarda ya rage kashi 10 cikin ɗari na kuɗin haya, manoma suka nemi 25, ya ce bai san zancen ba. Aka fitar da takardun kora ga mutum 11. Mata ne suka fara tarbar mai raba takardun da laka da duwatsu da kashin shanu, har ya nemi mafaka da 'yan sandan da suka rako shi. Daga nan gida ya fara watsewa. Masu aikin gona suka ajiye kaya, barorin gida suka fita, maƙeri ya daina duba kofaton dawakai, mai wanki ta daina karɓar tufafi, masu shaguna a Ballinrobe suka ce ba su da abin sayarwa. Ba kowa ne ya janye da son ransa ba. Wasu sai da aka yi musu barazana, har da yaron da ke kai wasiƙa. Wannan ɓangare na labarin masu son abin ba su cika faɗarsa ba, amma yana nan a wasiƙar kukan da Boycott ya aika wa jaridar Times ta Landan a watan Oktoba, wasiƙar da ta jawo masa 'yan gudummawar nan 50 da rakiyarsu.

Gudummawar ta ceci dankali, ba ta ceci zama ba. A ƙarshen Nuwamba ya tattara iyalinsa zai tafi, aka rasa wanda zai kora musu keken doki zuwa tashar jirgin ƙasa, sai a keken soja na ɗaukar marasa lafiya aka fitar da su. A 1881 gwamnatin Gladstone ta yi dokar da ta bai wa manoman Ireland damar zuwa kotu a yanka musu hayar da ta dace, ta kuma hana korarsu muddin suna biya.

Sunan abin ya samu ne a wata hira tsakanin limamin cocin yankin, Fada John O'Malley, da wani ɗan jarida daga Amurka, James Redpath. Kalmar da Turancin littafi yake da ita ta yi wa manoma nauyi a baki, sai limamin ya ce to, a kira aikin da sunan mutumin mana. Kafin shekara ta fita jaridu sun ɗauka. Faransanci ya ara, Jamusanci ya ara, haka Rashanci da Turkanci da Japananci. Shi kuwa mai sunan, da ya je Amurka a 1881, ya rubuta kansa a jirgin ruwa da sunan Charles Cunningham, watau ya yanke na ƙarshen, amma duk da haka 'yan jarida suka gano shi. Ya mutu a Ingila a 1897, sunansa na yawo a bakin mutanen da ba su taɓa sanin akwai wani mutum a bayansa ba.

Afirka ta Yamma ma ta yi wasa da kalmar. A watan Janairu 1948 wani basarake ɗan kasuwa a Accra, Nii Kwabena Bonne na Uku, ya jagoranci ƙin sayen kayan kamfanonin Turawa saboda tsada, abin ya yi kusan wata guda, jama'a suka laƙaba masa Boycotthene. A harshen Akan, hene na nufin sarki. A Najeriya kuma an yi Mbonu Ojike, ɗan kishin ƙasa da ya riƙa kiran mutane su bar tufafi da abincin Turawa su koma na gida, shi ma aka naɗa shi sarkin abin.

Hausa ba ta ari wannan suna ba, alhali ba ta ƙyamar aro. Harshen da ya karɓi mota da tebur da asibiti daga Turanci, ya karɓi siyasa da jarida da hukunci daga Larabci, da ya zo nan sai ya laluba aljihunsa ya fito da ƙaura. Kalmar Turanci tana ɗauke da sunan wanda aka yi wa abin, ta Hausa kuwa tana ɗauke da motsin waɗanda suka yi shi, kuma motsi ne mai tsohon tarihi. A ƙasar Hausa ta dā, talakan da ba shi da baki a fada yana da ƙafa. In dagaci ya matsa da haraji ko aikin dole, wata rana sai a wayi gari unguwa guda ta ɗaure kaya ta koma ƙarƙashin wani, a bar masa kufai. Tunda arzikin mai sarauta mutane ne, babu ƙarar da ta fi wannan zafi. Zamanin Turawa, mutanen ɓangaren da Faransa ke mulki sun sha tsallakowa ɓangaren Ingila don gudun aikin tilas. Kafin su, tashin Shehu Usmanu da jama'arsa daga Degel zuwa Gudu a 1804 sanarwa ce ta cewa sun fita daga hannun Sarkin Gobir.

Abin lura shi ne 'yar ƙaramar kalmar da ke biye da ita. Mutum yana ƙaura daga wuri, amma yana ƙaurace wa wani. Ƙaura tana iya zama don neman ruwa ko kiwo, ba da kowa ake ba. Ƙauracewa kuwa da wani ake, ana kuma so ya sani. Mai ƙauracewa yana nan a gidansa, yana wucewa ta ƙofar shagon kullum, sai dai ya ɗauke ƙafarsa da kuɗinsa da gaisuwarsa. A maganar yau da kullum tana da laushi ƙwarai. Aboki ya daɗe bai leƙo majalisa ba, a ce masa, “Malam, ka ƙaurace mana kwana biyu.” Likita ya ce wa mai hawan jini ya ƙaurace wa gishiri. Mai wa'azi ya ce wa matasa su ƙaurace wa shaye-shaye. Sai ta shiga labaran rediyo take sa babbar riga.

Tana da 'yan uwa da ake yawan rikita ta da su, kuma kowannensu daga cikin gida ya fito. Yaji na matar aure ne: ranta ya ɓaci, ta ɗauki mayafi ta tafi gidan iyayenta. Duk wanda ya san al'adar ya san yaji ba saki ba ne, ana yinsa ne don a zo biko. Wanda ya fara kiran ajiye aikin ma'aikata da sunan yajin aiki ya yi basira, domin ma'aikaci ma ba barin aiki ya yi ba, jira yake a zo a lallashe shi. Malaman jami'o'in Najeriya sun yi wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, suna jiran bikon da ya riƙa zuwa yana komawa. Mai yaji yana hana aikinsa. Mai ƙauracewa yana hana cinikinsa, ko halartarsa, ko huldarsa baki ɗaya.

Takunkumi kuma abin da ake ɗaure wa kura ko raƙumi ne a baki, daga baya ya zama sunan matsin da ƙasashe ke yi wa wata ƙasa, a 2020 kuma ya zama sunan ƙyallen rufe hanci. Shi daga sama yake saukowa, mai iko ne ke ɗaura shi, ba a neman shawarar kowa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, ECOWAS ta rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da take bayarwa, har zuwa farkon 2024. 'Yan kasuwar Jibiya da Maraɗi, da na Illela da Birnin Ƙonni, ba su ƙaurace wa juna ba ko na yini ɗaya. Hana su aka yi.

Sai gaba, wadda ta mutum biyu ce, ko gida biyu: ba magana, ba gaisuwa, ba zuwa suna ko biki. Ita ce addini ya yi wa iyaka, domin hadisi ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku. Kalmar Larabcin da ke cikin hadisin tushenta ɗaya da hijira, kamar dai yadda ƙauracewa ta fito daga ƙaura. Harsunan biyu sun bi hanya guda. In kuwa gari duka ya haɗu a kan mutum ɗaya, an mai da shi saniyar ware ke nan, kuma in ana neman sunan Hausa na halin da Kyaftin ɗin nan ya shiga, wannan ne.

Mai karatun Sira ba ya bukatar zuwa Ireland kafin ya san abin, kuma abin da ya sani yana karya wata magana da ake yawan yi, cewa ƙauracewa makamin raunana ne. A Makka masu ƙarfi ne suka yi ta. Ƙuraishawa suka rubuta yarjejeniya suka rataye a Ka'aba: ba saye ba sayarwa da Banu Hashim da Banu Muɗɗalib, ba auratayya, har sai sun miƙa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Kimanin shekara uku suka yi a kwazazzabon Abu Ɗalib, har aka kai ga cin ganye, ana jin kukan yara daga waje. Abin ya karye ne daga cikin masu yinsa, lokacin da mutane irin su Hisham ɗan Amru da Muɗ'im ɗan Adiyyu suka ce ba za su ci su ƙoshi danginsu na mutuwa da yunwa ba, aka kuma tarar gara ta cinye takardar in ban da sunan Allah. A Madina kuma, bayan yaƙin Tabuka, an daina magana da Ka'abu ɗan Maliku da wasu mutum biyu har kwana 50, sannan aka karɓi tubarsu. Aiki iri ɗaya, hukunci daban. Kalmar da kanta ba ta faɗar mai gaskiya.

Ɗakunan labarai dai sun mai da ita ta ko'ina. Sanata ɗaya bai je taro ba, a ce ya ƙaurace. Gwamna ya tura mataimakinsa, a ce ya ƙaurace. Sau da yawa “bai halarta ba” ya wadatar, kuma ya fi kusa da gaskiya. Inda aka fi jin ta da ƙarfi shi ne lokacin zaɓe, nan ne kuma ta fi rashin tasiri. A zaɓen tarayya na 30 ga Disamba 1964, ƙawancen UPGA, wanda NEPU ta Malam Aminu Kano ke ciki, ya ce magoya bayansa su zauna a gida. A Jihar Gabas ba a yi zaɓe ba sam, a wasu wuraren aka yi rabi da rabi. Shugaba Azikiwe ya yi 'yan kwanaki yana jan ƙafa, daga ƙarshe ya kira Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati, a watan Maris 1965 kuma waɗanda suka ƙaurace suka dawo suka shiga zaɓen cike gurbi. A Nijar, 'yan adawa sun ƙaurace wa zagaye na biyu a watan Maris 2016, ɗan takararsu Hama Amadou yana tsare kafin a fita da shi Faransa jinya. Mahamadou Issoufou ya sami fiye da kashi 92 cikin ɗari, ya yi shekara biyar ɗinsa cif. Dalilin a fili yake. Mai shago yana bukatar kuɗin mai saye, amma ɗan takara ba ya bukatar ƙuri'ar abokin hamayya. Rashinta ma gaba ta kai shi.

Inda take cizo shi ne inda wanda aka ƙaurace wa da hannun mutanen yake ci, su kuma suka yarda su fara jin zafin a jikinsu. Baƙaƙen fatar Montgomery a Amurka, bayan kama Rosa Parks a Disamba 1955, sun yi kwana 381 ba su shiga motocin safa na birnin ba, da yawansu da ƙafa suke zuwa aiki, sanyi da zafi, har kotu ta soke wariyar kujeru. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma sai in yawan ya jure. Kashe wayoyin da 'yan Najeriya suka yi ranar 19 ga Satumba 2003, don kukan kiran naira 50 a minti ɗaya, na yini guda ne. An koma lissafin daƙiƙa ba da daɗewa ba, sai dai shigowar Glo kasuwa da irin wannan lissafi ta taka rawar da ba ta gaza ta masu kashe waya ba. A ƙarshen Fabrairu 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, dillalan abinci da shanu suka tsayar da lodi zuwa Kudu. Tumatir da albasa suka yi tashin gwauron zabi a Legas, a Arewa kuwa farashi ya faɗi warwas a hannun manomin rani, wanda kayansa ba sa jiran sulhu. Cikin mako guda ko makamancin haka aka janye.

Wannan manomin ya kawo mu ga tambayar da kanun labarai ba sa yi: wa ya yanke shawara, wa kuma ya biya? A 1996 Najeriya ce ke riƙe da kofin ƙwallon ƙafa na Afirka. Gwamnatin Janar Sani Abacha, wadda ke takun saƙa da Nelson Mandela kan rataye Ken Saro-Wiwa, ta hana 'yan wasa zuwa Afirka ta Kudu kare shi. Hukumar ƙwallon Afirka ta rama da haramta musu gasar 1998. 'Yan wasan da suka ci zinare a Atlanta a cikin wannan shekarar ta 1996 sun rasa gasa biyu a ganiyar ƙarfinsu, ba wanda ya tambaye su.

Mafi tsadar ƙauracewar da aka yi a ƙasar Hausa a wannan zamani ba ta kasuwa ba ce, ba ta zaɓe ba. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa, bisa zargin cewa an sa masa sinadarin hana haihuwa. Zargin bai tabbata ba, amma tsoron yana da tushe: mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara wajen 200 ana tsakiyar annobar sanƙarau, yara 11 suka mutu a cikin gwajin, aka yi shekaru ana shari'a. Kano ba ta koma yin rigakafin ba sai a watan Yuli 2004, bayan an kawo maganin daga Indonesiya. Kafin nan ƙwayar cutar ta sami hanya, daga baya har ta ɓulla a ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman da Indonesiyar kanta, a 2006 kuma yaran da ta kama a Najeriya sun haura 1,000. Manya ne suka ƙaurace, 'yan ƙasa da shekara biyar suka biya da ƙafafunsu, kuma sai da sarakuna da malamai suka shiga aikin gida-gida kafin a dawo da yardar da aka rasa. Najeriya ce ƙasa ta ƙarshe a Afirka da ta rabu da asalin ƙwayar cutar, sai ranar 25 ga Agusta 2020 aka ba nahiyar takardar shaida.